Jatan Landen Yayana

Ban taɓa jin wanda ya kiwata jatan lande don kallo kawai ba sai yayana. Mu a Karantina, unguwarmu a Jidda, jatan landen da muka sani busasshe ne, wanda ake dakawa a zuba a miya, ko kuma ɗanye na teku da Larabawa ke kira gambari, wanda nake ɓare musu a gidan da nake aiki har hannuna ya yi ƙarni. Na Yaya ba a ci. Jajaye ne jawur, ƙanana, babbansu bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba, kuma a ruwan daɗi suke zama, ba na gishiri ba. A cikin akwatin gilashi ya ajiye su, kusa da katifarsa. Duk wanda ya shigo gidanmu a lokacin ya ga ƙaton namiji a durƙushe yana kallon ƙwari a ruwa, sai ya fita yana taɓe baki. Mu kuwa da muka san inda aka fito, godiya muke yi wa Allah.

Mu uku ne a gidan: Umma, da Yaya, da ni auta. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Aikin Hajji ne ya kawo iyayenmu Jidda tun kafin a haife mu, suka zauna. Ni da Yaya a nan aka yanke mana cibiya, ba mu taɓa taka ƙasar Hausa ba. Baba yana da iƙama, wato takardar izinin zama, muna ƙarƙashinsa, da ya rasu takardarmu ta bi shi. Ni kaɗai na sake samu, albarkacin wata tsohuwar Balarabiya da nake yi wa aiki, wadda ɗanta ya yarda ya zama kafilina, mai tsaya mini a wurin hukuma. Umma tana sayar da balila, dafaffen waken Larabawa, da soyayyar gyaɗa a bakin lungu, ido ɗaya a kan faranti, ɗaya a kan titi. Yaya kuwa dako yake yi a wani sito a Khumra, inda ake sauke kayan shagunan tsuntsaye da kifin ado. Umma ba ta faɗin sunansa, don ɗan fari ne kuma sunan mahaifinta ya ci. Babana take ce masa.

Wata rana ana tsakiyar zafi 'yan jawazat, masu kamen marasa takarda, suka dira unguwar sitocin. Yaya da wani abokinsa ɗan Nijar suka faɗa cikin wata kwantena da babu kaya. Wani ya tura musu ƙofar daga waje ya sa sakata don ya rufa musu asiri. Shi wanda ya rufe ɗin da shi aka tafi, don haka ba wanda ya san suna ciki. Rana ta yi ta dukan ƙarfen nan tun hantsi. Sai da yamma wani ma'aikaci ya ji bugu ya buɗe. Yaya ya fito da rarrafe, abokinsa kuwa gawarsa aka ɗauko.

Daga ranar Yaya ya daina magana. Ya shiga ɗaki ya kwanta, ya juya fuska ga bango. Ba ya yarda a rufe ƙofar ɗakin, ba ya kuma ƙetare ta sai zuwa banɗaki. In an buga ƙofar gida da ƙarfi sai ya takure yana rawar jiki. Asibiti ba wurin zuwanmu ba ne, don kafin a tambaye ka inda ke ciwo za a tambaye ka iƙama. Umma ta yi abin da ta iya. An yi tofi, an yi rubutu, an yi wankan ganyen magarya, malami ya zo ya yi karatu a kansa har muryarsa ta dushe. Yaya ko gezau. Ni kam haushi nake ji. In dawo daga wanke-wanken mutane ƙafa a kumbure, in tarar da abincin da aka ajiye masa tun safe ƙudaje suna bi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a gabansa. Tsoron da ke raina ɗaya ne, kuma shi ne na Umma ko da ba mu faɗa wa juna ba: kada mu rasa shi, ko dai rai ya fita, ko hankali ya tafi gaba ɗaya.

Ana cikin haka wani ɗan Jawa da suke aiki tare ya zo dubiya. Shi ne ma wanda ya buɗe kwantenar. Ya shigo da tsohon akwatin gilashi a kafaɗa, da jarkar ruwa, da wata leda a ƙulle. Ya ce ragowar kaya ne da aka ce a zubar, ya ga bai iya ba. Na leƙa ledar na ga 'yan jajayen abubuwa suna iyo.

"Umma, zo ki ga dubiyar Jawa," na ce da Hausa don kada ya ji. "Mutane suna kawo lemo, shi ƙwari ya kawo."

Umma ta harare ni. Mutumin ya zauna bakin katifa yana ta bayani da Larabcinsa na 'yan aiki. Ya shimfiɗa tsakuwa, ya zuba ruwa, ya sa wani dunƙulen gansakuka, ya jona wani ɗan inji mai gurnani da ke tura iska ta siririn tiyo zuwa cikin ruwan. Yaya bai juyo ba. Mutumin ya gama surutunsa da bango ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki ruwan ya ragu. Na ɗebo daga tankin gida zan ƙara, don kada a ce mun bar kyautar mutum ta lalace. Na ɗaga bokiti ke nan sai na ji murya a bayana, a dushe.

"La', Auta. Moyar wayit za ta kashe su. Ki sayo ta tahliya."

Moya ruwa ke nan, wayit ita ce tankar da ke kawo wa lungunmu shi, tahliya kuwa shagon da ake sayar da tataccen ruwan sha. Ashe duk bayanin ɗan Jawa ya shiga kunnensa. Umma tana tsakar gida tana tsince gyaɗa, na ji farantin ya faɗi. Na zura abaya na fita da jarka ina kuka a lungu, har mata suna tambayata wa ya rasu.

Haka aka fara. Ya tashi zaune don ya gan su da kyau. Ya fara cin abinci, don in an dafa musu ɗan alayyafo sai Umma ta ce ba za ta miƙa ba sai ya gama nasa, shi kuma ya bi. Ɗan Jawa yana leƙowa jefi-jefi da busasshen ganye da ake sa musu, wanda ke mai da ruwan kalar shayi, su zauna su biyu suna ƙus-ƙus a gaban gilashi. Wata safiya Umma ta shiga da tsintsiya sai muka ji salatinta.

"Inna lillahi, Babana, ɗaya ta mutu! Ga ta nan fara fat, ba komai a cikinta."

Yaya ya leƙa, sai ya yi dariya. Rabon da mu ji wannan dariyar har mun manta yadda take.

"Umma, rigarta ce ta cire. Saɓa suke yi in suna girma. Ga mai rigar can bayan dutse, ta ɓuya."

Umma ta ce to a tsamo a yar, ƙazanta ce. Ya ce a bari, su za su cinye abarsu. Umma ta ce tir da wannan hali, ta fita tana share ido da gefen mayafi.

Ni ma da nake yi musu ba'a sai ga ni tsugune a gefensa duk ranar hutuna. Ya nuna mini yadda ake gane mace, ta fi girma ta fi ja. In ta ɗauki ƙwai sai ka ga 'yan ƙwallaye rawaya a ƙarƙashin cikinta, tana ta kaɗa musu 'yan ƙafafunta don su sha iska. Wajen wata guda take yi a haka. Ba ta ajiye su ko'ina, da su take kiwo, da su take ɓuya. 'Ya'yan in sun fito ba su kai ƙwayar gero ba, ba su da launi, sai ka ƙura ido kafin ka gan su maƙale a gansakuka. Ranar canjin ruwa aiki ne ja. Sai ya zuƙo ruwan da tiyo a cikin farin baho, ya kai bakin ƙofa inda haske yake, ya tsuguna da cokalin shayi yana tsamo duk jaririn da ya biyo. Ruwan ba ya zuwa kwata sai ya tabbata babu rai a ciki. Neman haske ne ya fara fito da shi tsakar gida, daga nan kuma ya saba.

Suka yi ta haihuwa har akwatin ya cika. Ya samo wata babbar kwalba ya raba mata tiyo daga injin, ya riƙa ware waɗanda suka fi ja yana haɗa su su kaɗai. A hankali jan nasa ya ƙara duhu, har ɗan Jawa ya ce na siton ma ba su kama ƙafarsu ba. Zafin Jidda ne babban abokin gabarsu. Umma ta daina ƙulla ƙanƙarar sayarwa, ta bar masa firjin yana daskarar da gorunan ruwa, yana jefa musu a kai in rana ta take. In an ɗauke wuta kuwa sai ya zauna da kofi yana ɗiban ruwan yana zubawa daga sama har a dawo da ita.

Dokokinsa biyu ne, kuma ya maimaita su har muka haddace. Kada abin fesawa ko hayaƙi ya taɓa ruwan. Kada kuma a kashe injin iskan nan ko da wasa, don in ya tsaya ruwan zai mutu su bi shi. Umma, wadda ba ta iya wuni ba ta kunna turaren wuta ba, ta riƙa tsayawa da kaskonta a can ƙofar gida. In za ta yi shara a ɗakinsa sai ta kewaye wayar injin da tsintsiya a hankali, tana cewa, "Ga ni nan, ban taɓa ba."

Matsalarmu kuɗin cizo. Gidajen lungunmu bango ɗaya suka haɗa, bulon duk ramuka. Saboda haka muke da al'ada, duk watan Sha'aban, kafin azumi, kowane gida sai ya fitar da katifu rana, a sayo magani a wurin masu talla, a fesa a mako ɗaya. Ba mai kiran ma'aikatan hukuma su zo feshi, don ba mai son a shigo masa gida a ƙirga kawuna. Kuma in gida ɗaya ya ƙi, ƙwarin can za su gudu su fake, in wari ya lafa su dawo wa kowa. Sha'aban na farko aka tsallake ɗakin Yaya. Kafin na biyu ya zo, bayansa duk tabon cizo ne, bangon gefen katifarsa duk ɗigon jini. Shi bai damu ba, sai ya sosa ya ci gaba da kallon gilashinsa. Umma ce ke kallon bayansa ranta yana ƙuna.

Sai maƙwabciyarmu ta bayan bango ta zo. A Karantina kowace mace Hajiya ce, amma wannan Hajiyar bakinta ya fi na kowa kaifi.

"Hajiya, ni fa ba zan ɓoye miki ba," ta ce wa Umma. "Daga ɗakin ɗanki suke fitowa. Jikokina ba sa barci. Mu yi ta fesa magani, ku kuna kiwata mana su saboda ƙwarin ruwa? Halas, bana kam sai an fesa, ko in yi magana da mai gida."

Na yunƙura zan ba ta amsa, Umma ta danne mini gwiwa. A lungu irin namu ba a faɗa da maƙwabci, don shi ya san wanda ba shi da takarda a gidanka. Umma ta ba ta haƙuri, ta raka ta har ƙofa. Ta gwada yi wa Yaya maganar, ya ce a ba shi lokaci ya san yadda zai yi ya fitar da akwatin, don akwai mata da yawa da ƙwai, girgiza za ta sa su zubar. 

A makon ne ɗan Jawa ya zo da labarin wani mai shagon kifin ado a Waziriyya da ke son ganin jajayen nan. Ya ce mutumin ya ce mai su ya zo da kansa. Ban zaci Yaya zai yarda ba, don tun ranar kwantena bai wuce bakin lungu ba. Amma ranar hutuna da safe sai na gan shi ya yi wanka ya sa farar jallabiya, ya ƙulla 'yan kaɗan a leda.

"Yalla, Auta, raka ni," ya ce.

A cikin bas ya rungume ledar a cinya. Duk motar da ta wuce mai fitila a kai sai ya sunkuyar da kai. Amma ya je. Mai shagon ya ɗaga ledar a haske ya daɗe yana kallo, ya ce masha Allah, ya ce duk abin da Yaya zai kawo zai karɓa. Na ga kafaɗun yayana sun miƙe. A hanyar dawowa shi ya tsayar da ni a wurin mai tamis, burodin tanderu, ya saya wa Umma mai zafi da abin da aka ba shi. Yana ta lissafin yadda zai samo akwati na biyu, ni kuma ina ta tsokanarsa cewa saura mu nema masa mata mai son ƙwari. Ban taɓa jin daɗi a titin Jidda kamar na ranar ba.

Tun daga ƙofar gida warin maganin feshi ya tare mu. Katifar Yaya tana jingine a tsakar gida. Ƙofar ɗakinsa a rufe, an toshe ƙasanta da tsumma. Umma tana zaune da mayafi a hanci, ta gan mu ta miƙe da sauri.

"Kada ka damu, Babana, na rufe su ruf," ta ce. "Na sa leda a kai, na sa bargo, na ɗaure da igiya, ko ɗigo bai shiga ba. Injin ma ban taɓa shi ba, ka ji shi nan yana aiki, kamar yadda ka ce."

Tamis ɗin ya faɗi daga hannunsa. Ya banka ƙofar, ya fara zare wayar injin daga bango, sannan ya yaye bargon. Ina bayansa, warin yana yanka mini maƙogwaro. Jatan landen da na saba gani suna kiwo a natse suna ta tsalle suna karo da gilashi, wasu suna juyi a wuri ɗaya, wasu sun kwanta a gefe ƙafafu suna karkarwa. Na kwalba ma haka.

"Baho! Moya!" ya daka mini tsawa.

Na kawo farin bahon na juye jarkar tahliya a ciki a tsakar gida. Ya riƙa kwaso su da rariyar shayi yana kawowa da gudu. Umma ma ta ɗauko kofi tana tayawa. Ba abin da ya yi amfani. A cikin ruwa mai tsabtar ma haka suka ci gaba da karkarwa. Matan suka zubar da ƙwansu a ƙasan baho. Kafin la'asar jan nan nasu ya koɗe, babu mai motsi ko ɗaya. Jariran ma ba mu gan su ba balle mu tsamo.

Umma ta tsaya a kansa tana maimaitawa, "Amma na rufe. Wallahi na rufe."

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ɗauko injin ya juya shi, ya nuna mata wata 'yar kafa a ƙasansa.

"Ta nan yake shan iskar ɗaki, Umma, ya tura musu cikin ruwa. Shi yana waje, ba ki rufe shi ba."

Umma ta kalli kafar, ta kalli tiyon da ya shiga ta ƙarƙashin bargonta. Na ga lokacin da ta gane. Ta zame ta zauna daɓas a ƙasa. Da ta karya dokarsa ta kashe injin, da wataƙila sun rayu. Tausayinta ya kama ni har na rasa wanda zan fara riƙewa a cikinsu.

Washegari daga wurin aiki na wuce Waziriyya. Akwai sauran waɗanda ya kai, na karɓo su a leda na kawo masa, ina murna na yi dabara. Ya karɓa ya ɗaga su a haske ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini.

"Mai da su, Auta. Maganin ya shiga tsakuwa da gilashi da komai."

"To a sayi sabon akwati. Ni zan saya."

"Sha'aban mai zuwa fa? Hajiya tana da gaskiya, jikokinta ba sa barci." Sannan ya ce, "Shi ma mutumin da ya rufe mana kwantena taimakonmu ya yi niyya. A nan ko mai ƙaunarka sai ya rufe ka kafin ya taimake ka. Halas, na gaji."

Na mayar da su shagon. Abin da muke tsoro shi ne ya koma ya juya fuska ga bango, amma bai koma ba, kuma wannan ne ya yaudare mu. Ya wanke akwatin ya ba ɗan Jawa. Ya yi azuminsa, yana fita masallacin lungu, yana taya Umma ɗaukar tukunyar balila. Umma tana binsa da ido, tana dafa masa duk abin da ta san yana so. Sau da yawa ta ce ya yafe mata, kullum amsarsa ɗaya: "Umma, ba ki yi mini laifi ba, wallahi." Ta ce mini da ma zaginta ya yi, da ta fi samun sauƙi.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki muna karyawa da safe ya ce zai tafi kubri. Duk ɗan Karantina ya san ma'anar wannan. Akwai wata gada a cikin gari da marasa takarda ke zuwa su zauna a ƙarƙashinta in sun gaji da ɓuya. Sai su shimfiɗa kwali su jira, wani lokaci kwanaki, wani lokaci makonni, har jawazat su zo da motoci su kwashe su zuwa gidan tarhil, daga can a sa kowa a jirgin ƙasarsu. Wanda ya tafi ta nan ba ya dawowa cikin sauƙi.

"Wa ka sani a can?" Umma ta tambaye shi. "Dangin babanku ko suna raye ban sani ba. Hausar taka ma dariya za su yi mata."

"Ba kowa," ya ce. "Amma in an buga ƙofa zan tashi in buɗe."

Na yi masifa iya masifa. Na ce ya rasa abin da zai saka wa uwarsa da shi sai wannan, na ce saboda ƙwari zai bar mu. Ya bar ni na gama, ya ce ba saboda su ba ne, su ne dai suka riƙe shi har ya kai yanzu.  Umma ce ta haɗa masa jaka, ta soya gyaɗa mai yawa ta ƙulla masa.

Ya daɗe a ƙarƙashin gadar nan. Ni nake kai masa abinci in na tashi aiki, da iƙamata a hannu saboda tsaro. Maza da mata da yara ne birjik a kan kwalaye, ga zafi, ga ƙarar motoci a sama, ga warin fitsari. Ya rame ya yi baƙi, amma yana hira da mutane, yana tambayar 'yan Kano yadda garin yake. Umma ba ta iya zuwa. Duk wanda ya matso wurin ba takarda, in motoci suka zo da shi za a haɗa, ita kuma ta ce a tsufanta ba ta da inda za ta je, kabarin mijinta yana nan, ni ma ina nan. Kullum na dawo sai ta tambaye ni ko ya ci, ko ya yi maganarta.

Ranar da labari ya zo lungu cewa motoci suna hanya, Umma ta ɗauki abayarta da niƙabi ta ce ko za a kama ta sai ta gan shi. Muka je. Na bar ta a tsallaken titi, bakin wata baƙala, wato kantin kayan masarufi, inda mata da yawa suka tsaya cikin baƙaƙen kaya, fuska a rufe, iyaye da matan aure da ba su isa su tsallaka ba. Ni na tsallaka. An riga an jera maza a layi, askarawa suna tura su gaba. Na matsa iyakar inda aka bar ni na ɗaga murya.

"Yaya! Umma ta zo! Tana can bakin baƙala!"

Ya juya da sauri yana dubawa. Ni na san wadda ce ita, don ni na tsayar da ita, ga kuma wani askari da ya zo ya tsaya daf da ita, ta ƙame hannuwanta a cikin abaya. Shi kuwa baƙaƙen kaya kawai yake gani a jere. Idonsa ya tsaya a kan wata mata mai tsayin Umma da ke kusa da falwaya, ya ɗaga mata hannu, ya dafa ƙirjinsa. Matar, ko wace ce ita, ta ɗaga nata ta daɗe ba ta sauke ba. Na buɗe baki zan ce ba ita ba ce, aka tura shi cikin mota. Ganin Umma da shi na ƙarshe ke nan, don ta rasu a Karantina bai samu dawowa ba.

Na tsallako na same ta a inda na bar ta, niƙabinta ya jiƙe ya manne mata a fuska. Na fara shirya ƙaryar da zan yi mata, sai ta riga ni.

"Na gani, Auta. Waccan ya ɗaga wa hannu," ta ce. "Allah Ya saka mata da alheri, da ta amsa masa."

Ta kama hannuna, muka bi ta lungunan baya muka koma gida.